Nour El Sherbini, 'yar Iskandariyya da ta ɗaga kofi a Riyad

Jama'a masu sauraronmu na Makka da Jidda da Madina, assalamu alaikum. A majalisunmu in aka ce wasanni, to ba a wuce Hilal da Nasr da Ittihad, sai gardamar Ronaldo. Yau a yi haƙuri mu ajiye tamaula mu leƙa wani ɗaki mai tsawon mita 9.75 da faɗin 6.4, inda mutum biyu ke maka wata 'yar ƙwallon roba a bango. Sikwash ke nan. Ƙwallon ma ba ta tashi sai an buge ta ta yi zafi. Kowane zagaye maki 11 ne, wanda ya riga cin zagaye uku ya yi nasara.

A ɓangaren mata, a wannan zamani ba wadda ta kai Nour El Sherbini ta ƙasar Masar. An haife ta a Iskandariyya a 1995. Tana da shekara 13 ta lashe gasar matasa ta duniya a 2009, ta kayar da 'yan matan da suka girme ta nesa ba kusa ba.

Ni a ganina ba ƙuruciyar ce abin mamaki ba, taurin zuciyar ne. A watan Afrilun 2016 a Kuala Lumpur, a wasan ƙarshe na gasar duniya, Laura Massaro ta Ingila ta cinye zagaye biyun farko, 11 da 6, sannan 11 da 4. Saura ƙiris ta ɗauki kofi. Yarinya 'yar shekara 20 ta sha ruwa, ta share gumi, ta koma ta cinye ukun da suka rage a jere. Ita ce mace ta farko daga Masar da ta zama zakarar duniya, kuma a lokacin ba a taɓa samun zakara mai ƙarancin shekarunta ba.

Ga abin da ya shafe mu a nan Saudiyya. A watan Disambar 2017 'yar ƙasarsu Raneem El Welily ta ƙwace mata kambun a Manchester. Ba a rufa wata guda ba, a Janairun 2018, suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe a Riyad, a Jami'ar Gimbiya Nura, a gasar ƙwararrun mata ta farko da aka taɓa yi a ƙasar nan. Nour ta rama. Ku tuna, a lokacin mata ba su ma fara tuƙin mota ba, sai a watan Yuni na shekarar. An kuma ba 'yar gida, Nada Abo Alnaja, gurbi ta fafata. Da yawanmu ba mu ji labarin ba, kamar yadda gasar duniya ta maza ta 2010 a Khobar, wadda Nick Matthew ya lashe, ta wuce mu salin alin.

Daga nan kofuna suka yi ta zuwa, har da wanda ta ɗaga a gindin dalar Giza a 2019. A 2025 a Chicago ta doke Hania El Hammamy ta cika kambun duniya takwas, ta kamo Nicol David ta Malesiya, wadda ita ma ta lashe shi sau takwas.

Iyaye, wannan wasa ne na cikin ɗaki mai na'urar sanyi, zafin Makka bai hana shi. Tsadar shiga kulob ce dai cikas ga talakanmu, wannan kam gaskiya ne.

Sikwash zai shiga gasar Olamfik karon farko a Los Angeles a 2028. Lokacin Nour na da shekara 32, kuma kafin ta ji da 'yan waje sai ta tsallake 'yan gida, Nouran Gohar da Hania, waɗanda ba sa raga mata ko kaɗan.