Hutun Yara a Bakin Ruwa: Yankari ko Dadin Kowa?

Hajiya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Bauchi. Yau Auta ne ya zo mana da magana. Hutun makaranta ya gabato, yana so ya kwashi 'ya'yan yayyensa ya kai su Yankari kamun kifi.

Auta: Haka ne, Hajiya. Yaran nan ba su san kifi ba sai a faranti. Ina so su riƙe fatsa da hannunsu, su shiga kwale-kwale su ga yadda ake tuƙa shi.

Malam: Niyyarka ta yi kyau, amma ajiye ƙugiyar tukuna. Yankari gandun daji ne da aka killace tun 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. Abin da ke cikinsa, na tudu da na ruwa, na kallo ne, ba na kamawa ba. Kogin Gaji kuma ba wurin wasa ba ne, akwai kada, akwai dorina.

Auta: To ashe babu ruwan da yara za su taɓa a can?

Hajiya: Ina ka bar Wikki? Ruwa ne mai ɗumi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, zafinsa kusan digiri 31, rani da damina, dare da rana. Garau yake, kana tsaye kana ganin yatsun ƙafarka a kan yashi. Bara na kai jikokina. Ƙaramar mai shekara 5 da farko ta maƙale a zanina tana kuka, kafin la'asar kuwa sai da lallashi muka fito da ita. Sai dai fa wajen bakin dutsen akwai zurfi, ƙanana su tsaya can ƙasa inda ruwan bai wuce gwiwa ba. Kuma a ɓoye abinci, birai ba sa jin kunyar warce leda a hannun yaro.

Malam: Kuma a je da rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu. Lokacin ciyawa ta bushe, dabbobi na gangarowa Gaji shan ruwa. Mai rabo har giwa zai gani.

Auta: To kifin fa, Malam? Na riga na yi wa yaran alkawari.

Malam: Ka nufi Gombe, madatsar ruwan Dadin Kowa a kan Kogin Gongola, ƙaramar hukumar Yamaltu Deba. Can kamun kifi sana'a ce ta gado. Akwai tarwaɗa, akwai karfasa. In ka isa, kada ka zarce bakin ruwa. Fara neman manyan masunta ka gaishe su, ka faɗi abin da ya kawo ka. Su suka san gaɓar da yaro zai zauna lafiya, su suka san inda dorina ke kwana, don can ma akwai su. Sai a haƙo tana a jiƙaƙƙiyar ƙasa, a soka a ƙugiya, a jefa, a yi shiru. Wannan shirun shi na fi so. Yaron da ba ya iya zama minti 5 a gida, sai ka ga ya ƙura wa zare ido har rana ta ɗaga.

Hajiya: Ni kwale-kwalen ne ke tsinka min zuciya. Duk shekara sai mun ji labarin jirgi ya kife saboda lodi. Ba rigar kariya, ba shiga, ko yaron ya iya iyo. A tafi da safe kafin iska ta taso, kowa ya zauna, kada wanda ya miƙe tsaye.

Malam: Ki ƙara da tsargiya. Kwantaccen ruwan dam na ɗauke da ita ta jikin dodon koɗi, tana shiga ta fata. Kada a bar yara su yi wanka a ciki. In an dawo aka ga jini a fitsari, sai asibiti.

Auta: Ke nan tafiya biyu ce. Asabar ta farko Wikki, ta biyu Dadin Kowa. Hajiya, za ki ba ni aron jikokinki?

Hajiya: Ka fara nemo rigunan kariya daidai jikinsu, sai mu yi magana. Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.