Mutumin Aljeriya da ya yi wa Rumawa ganuwa a Scotland

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iskar nan, tun safe take kaɗawa, yatsuna har sun ƙage a kan wayar. Yau na baro Glasgow na zo Rough Castle, kufan wani sansanin sojojin Rum kusa da Falkirk. Ku dubi ramin nan da ke bayana. Sai ka rantse zaizayar ruwa ce, alhali sojojin Rum ne suka haƙa shi da hannu, wajen shekara ta 142.

Nan ganuwar Antonine ta bi, kimanin kilomita 60, daga Bo'ness a gabas har Old Kilpatrick a yamma. Ni da na tashi ina ganin ganuwar Kano, na zo ina ta ɗaga kai ina neman bango. Ashe ƙasa suka riƙa yankowa da ciyawarta, suna jerawa kamar tubali a kan harsashin dutse. Ruwan ƙasar nan kuwa ba ya barin irin wannan gini. Ramin ne ya rage, sai ɗan tudun ganuwar a wasu wurare.

To abin da ya taso ni cikin sanyin nan shi ne mai aikin, gwamnan Rumawa a Birtaniya, Quintus Lollius Urbicus. Ɗan Afirka ne. Garinsu Tiddis, wani ɗan gari a kan tudu kusa da Constantine, a Aljeriya ta yau. Kuma bai faɗo kujerar gwamna daga sama ba. Da kula da tituna ya fara a birnin Roma, sannan ƙaramin hafsa a Mainz ta Jamus, daga baya aka damƙa masa runduna guda a Vienna. Da Yahudawa suka yi bore a shekarun 132 zuwa 135, yana cikin manyan Sarki Hadrian da suka je yaƙin, har ya samu kambin zinariya. Ya riƙe wani lardi a bakin kogin Rhine, a 139 kuma ga shi a Birtaniya, sabon sarki Antoninus Pius ya ce ya tura iyaka gaba zuwa arewa.

Ku zo ku gani, bari in matso da kyamara. Kun ga ƙananan ramukan nan layi-layi a cikin ciyawa? Tarko ne. A kowanne sukan kafa tsinin itace, su rufe da rassa da ganye. Mai kawo hari da dare yana gudu, sai dai ya ji ƙafa ta zurma. Yanzu ma da na leƙa, saura kaɗan taɓo ya kwashe ni.

Duk wahalar nan, shekara ashirin da ɗan wani abu Rumawa suka yi a nan, suka tattara suka koma ganuwar Hadrian a kudu. Shi kuwa gogan tuni ya yi gaba, ya zama mai riƙon birnin Roma kansa, tsaro da shari'a duk a hannunsa. Ba zan wanke shi tas ba: a kotunsa an yanke wa wasu Kiristoci hukuncin kisa don kawai sun amsa cewa su Kiristoci ne.

Abin da ya taɓa ni, bai manta gida ba. Kusa da Tiddis ya gina wa iyayensa da 'yan uwansa kushewa ta dutse, zagayayya, ya rubuta sunayensu, har yau tana tsaye.

Yayyafi ya fara, bari in nemi mota. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga gidan tarihi na Hunterian a Jami'ar Glasgow, in nuna muku dutsen da aka sassaƙa sunansa a jiki.