Darasi: Datar gida da ake kira anlimited, a ina iyakarta take?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ma ga mu a shago, kuma maganar datar gida za mu yi, wannan da kamfanoni ke kira anlimited, wato mara iyaka. A makon nan kaɗai mutum huɗu suka zo mini da ƙorafi iri ɗaya: Malam, na biya kuɗin wata guda, kwana goma sha biyu kacal abu ya koma tafiyar hawainiya. Wani ma rautar ya rungumo, wai ta lalace in duba masa. Rauta lafiyarta ƙalau. Iyakar da aka sa masa ya kai, aka rage masa gudu.

Kai, matso da kyamarar nan kan allon kwamfutar. Yauwa, nan.

Kafin mu kwatanta shirin wannan kamfani da na wancan, sai ka san giga nawa gidanka ke ci a wata. Wanda bai san wannan ba, ko wane shiri ya saya caca ya yi. Ka haɗa wayarka ko kwamfutarka da rautar, ka buɗe birawuza, ka rubuta 192.168.0.1... a'a, tsaya, wannan Huawei ce, tata 192.168.8.1 ce. Ta ZTE ce galibi 192.168.0.1. In ka rikice ka kifa rautar, akwai takarda manne a ƙasanta, adireshin da kalmar sirrin duk suna jiki. Shiga dai kun iya, ba sai na tsaya a kai ba.

In ka shiga, nemi wurin da aka rubuta Statistics, wasu rautocin Data usage suke rubutawa. Ga shi nan. Lamba biyu za ka gani, ta abin da ka sauke da ta abin da ka tura. Ka haɗa su biyun, domin kamfani duka yake lissafa maka. Mutane suna manta na turawa, alhali kiran bidiyo, da ɗora hotuna a Google Photos, da kyamarar tsaro ta ƙofar gida, duk turawa suke yi dare da rana.

To ga wurin da ya taɓa wahalar da ni, ku saurara da kyau. Wannan ma'aunin yana komawa sifili ne ranar 1 ga wata, haka aka saita shi daga masana'anta. Kai kuma a ce ranar 17 ka sayi datarka. Ranar 5 ga sabon wata sai ka duba ka ga giga 40, ka ce ai ina da sauran tafiya. Alhali abin da ka ci daga 17 zuwa ƙarshen wancan watan ya goge daga allon, amma yana nan a littafin kamfani. Na fi wata uku ina jayayya a raina cewa ana cin mini data, ashe ma'aunina ne da nasu ba rana ɗaya suke fara ƙirga ba. Gyaran kuwa ɗan kaɗan ne. Ka ga wannan akwatin da aka rubuta Start date? Ka goge 1, ka sa ranar da ka sayi datar. Ni tawa 17, na sa 17. Ka danna Save. In wata mai zuwa ka sabunta a wata rana daban, ka dawo ka canza. Kada ka manta da Save ɗin, wasu rautocin in ka fita ba ka danna ba sai su koma yadda suke.

Ka bar shi ya yi mako guda cikakke, har da Asabar da Lahadi lokacin da yara ke gida, sannan ka ninka da huɗu ka ɗan ƙara wani abu a kai. Wannan ita ce lambar gidanka.

Yanzu ga takarda da biro. Anlimited ɗin da ake sayarwa a kasuwarmu iri-iri ce, kuma sunan ɗaya ne a jikin allon talla.

Akwai wadda ake ba ka cikakken gudu har ka ci wani adadi, daga nan a shaƙe ka har wata ya ƙare. Ita ce ake rubuta wa FUP da ƙananan haruffa can ƙasan talla, ma'ana ƙa'idar amfani daidai gwargwado. Intanet ɗin ba a yanke shi ba, shi ya sa suke da bakin cewa mara iyaka ne. Amma tambayar da za ka yi wa mai sayarwa ita ce, bayan na kai iyakar, gudu nawa za a bar mini? In ya ce bai sani ba, ka kira 300, lambar kula da abokan ciniki ce ta duk layukan Najeriya tun da NCC, hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, ta daidaita lambobin a 2023, ka tambaya da bakinka.

Bari in yi muku lissafin, don nan ne ake ruɗa mutane. Gudun intanet da Mbps ake auna shi, ƙaramar b. Girman fayil kuma da MB, babbar B. Babbar B ɗaya ƙananan b takwas ce. Saboda haka duk lambar da aka faɗa maka ta gudu, ka raba ta takwas. In an ce 20 Mbps, mega biyu da rabi kake saukewa a daƙiƙa, giga ɗaya zai sauka cikin minti bakwai, bai ma cika ba. In aka rage ka zuwa 1 Mbps, wannan gigan guda sai ya ɗauki awa biyu da kusan kwata. In kuwa 512 kbps aka bar maka, wato rabin ɗaya, awa huɗu da wani abu. Kuma ka tuna wannan ɗan gudun ba naka ne kai kaɗai ba, kai da uwargida da yara da talabijin duk a kansa kuke. Da 1 Mbps mutum ɗaya zai yi WhatsApp, ya kalli YouTube a 360p, wato hoto mai ƙaramin inganci, ba matsala. Mutum shida a kai kuwa, ko saƙon murya sai ya yi ta juyawa.

Iri na biyu, ba a ƙirga maka giga a gaba, gudun ne aka ƙayyade tun ranar farko. A ce 20 Mbps daga farkon wata har ƙarshe, in kana son wanda ya fi shi ka ƙara kuɗi. Ni a gidana irin wannan na fi so, gaskiya, domin na san abin da zan samu ranar 28 shi ne abin da na samu ranar 2. Talabijin ɗaya a 1080p bai wuce 5 zuwa 8 Mbps yake buƙata ba, ka ga ashirin ta ɗauki talabijin da wayoyi huɗu biyar. Sai dai shi ma ka tambaya, domin wasu suna haɗa biyun, ga ƙayyadadden gudu ga kuma FUP a ɓoye a bayansa.

Na uku shi ne na kullum-kullum. A ce giga 10 a rana, in ka cinye a rage ka sai tsakar dare ya dawo. In ka ninka da talatin sai ka ga giga 300, ka ji daɗi. Amma ranar da ka ci giga biyu, takwas ɗin da suka rage sun tafi, ba za a tara maka su zuwa Asabar ba. Mai gidan da kullum cinsa ɗaya ne, wannan ya dace da shi. Mai sauke manyan fayiloli ko mai gyaran bidiyo irina, wahala zai sha.

Lambobin nan na misali ne fa, kada wani ya je ofishin kamfani ya ce ni na faɗa. Farashi da adadin giga suna canzawa, musamman tun da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Farashin yau ka duba a manhajar kamfanin, ko ka danna *312#. Sauran datarka kuma *323#. Su ma waɗannan lambobin ɗaya ne ko MTN kake, ko Airtel, ko Glo.

To a ce ma'auninka ya nuna giga 150 a wata. Shirin da ke ba ka 200 da cikakken gudu ya ishe ka, ba za ka taɓa ganin shaƙewar ba, kuma wataƙila ma datar da ba anlimited ba ta giga 200 ta fi shi araha, ka duba. In kuwa ma'auninka 400 ya nuna, wannan shirin rabin wata zai kai ka, sauran rabin kana kan 1 Mbps. Ka ga kuɗin wata ka biya, intanet ɗin mako biyu ka samu. Irin wannan gidan na ƙayyadadden gudu ya kamata ya nema. Sannan ka tambaya, in na kai iyaka kafin wata ya cika, zan iya sabuntawa nan take ko ƙara wani abu a kai? Kuma ragowar kwanakina fa? Amsar ta bambanta daga shiri zuwa shiri.

Ni kaina bara, kafin in gane duk wannan, na sayi irin na farkon a wani kamfani, kwana goma sha ɗaya aka shaƙe ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin a lokacin ƙanwata tana karatu ta intanet, darasinta na kai-tsaye ya riƙa yankewa. Da na zauna na bi diddigi, talabijin ɗin falo ne. Yara su kunna YouTube su yi barci, bidiyo na bin bidiyo har asuba. A 1080p awa ɗaya tana cin wajen giga biyu, wani lokaci ma fiye. Netflix da kansu sun ce mai kyan hoto yana kai giga 3 a awa, 4K kuma har 7. Ku lissafa awa bakwai na dare, sau kwana goma. Na kashe Autoplay, na mai da talabijin 720p, cin gidan ya faɗi warwas. A waya kuwa 480p ya isa, allon ƙarami ne, idonka ba zai ga bambanci ba.

Sai kwamfuta. In Windows ce, shiga saitin WiFi ɗin gidan ka kunna Metered connection, sai ta rage sauke sabuntawa ba da saninka ba. WhatsApp kuma ka shiga Storage and data ka cire sauke bidiyo kai-tsaye a ɓangaren WiFi, domin guruf ɗin 'yan uwa da na unguwa kaɗai sun isa su cinye giga da yawa. Sannan ka leƙa nan, Connected devices. Gidanka waya shida, ka ga goma sha ɗaya? Kalmar sirrinka ta zaga unguwa. In da niyya kake bai wa maƙwabta, madalla, alheri ne, sai dai ka sa su cikin lissafinka. In ba haka ba ka canza ta, ka kashe WPS, wato saitin da ke barin na'ura ta haɗu da rauta ba tare da rubuta kalmar sirri ba.

Af, na tsallake abin da ya kamata in fara da shi. Duk wannan kwatancen ba shi da amfani in sabis ɗin kamfanin ba shi da ƙarfi a unguwarku. Kafin ka zuba kuɗin wata, ka sayi 'yar ƙaramar data a layin, ka shiga fast.com, shafin auna gudun intanet, ka gwada. Kuma da daddare za ka gwada, tsakanin takwas da goma, lokacin da kowa ya dawo gida ya hau. Gwajin safe yaudara ne, eriya ba kowa a kanta. Ka yi kwana uku kana gwadawa. In an sayar maka da 20 Mbps amma da daddare 3 kake samu, ai ba ka ma kai ga maganar FUP ba.

A cikin rautar akwai wata lamba mai nuna ƙarfin sabis, RSRP, a ƙarƙashin Device information. Da alamar ragi take zuwa. In ka ga wajen -80, sabis ya yi kyau. In ta kai -110, da rauni. Ka ɗauki rautar ka kai bakin taga, ka ɗaga ta sama, kada ka ɓoye ta bayan talabijin, ka ga yadda lambar za ta canza. Bari in gwada muku... kun gani, daga -104 ta koma -93, taku uku kawai na yi. Masu tambayar 5G, e, MTN ta fara a 2022 kuma Kano da Maiduguri suna cikin biranen farko, Airtel ta biyo a 2023. Amma ba kowace unguwa ya kai ba. Rautar 5G a inda babu 5G, 4G za ta kama, ka yi asarar bambancin kuɗin.

Starlink kuma, intanet ɗin tauraron ɗan Adam wanda ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ga wanda ke gona ko ƙauyen da babu sabis, shi ne mafita. Sai dai kayan da tsada, kuɗin wata da nauyi, kuma yana cin wuta fiye da rauta nesa ba kusa ba, sai kana da sola ko inbata. Wannan bidiyonsa daban zan yi.

Tunda an zo maganar wuta, rautocin nan yawanci 12V suke amfani da shi. Ga wannan ƙaramin batirin, kun gan shi, kamar fawa bank amma na rauta. In NEPA ta ɗauke ba za ta mutu ta sake tashi ba. Muna da shi a shago, da wayar da ke ɗaga wutar fawa bank daga 5V zuwa 12V ga wanda kuɗinsa bai kai ba. Ka zo da rautarka mu gwada bakin a gabanka, domin bakunan ba girma ɗaya ba ne, kada ka saya ka koma gida ya ƙi shiga.

Saura abu ɗaya a wannan shafin na Statistics. Ƙasan Start date akwai inda za ka sa adadin datar wata, ka rubuta iyakar FUP ɗinka, a ce 200, ka tabbata GB ka zaɓa ba MB ba. Sannan ga akwatin gargaɗi, ni 80 nake sawa, wato in an ci kashi 80 cikin ɗari ta nuna. In ka ga gargaɗin ranar 12, ka san akwai abin da ke sha a gidan, ka koma Connected devices ka nemo shi. In kuma ma'auninka da na kamfani sun yi hannun riga sosai, ka ɗauki hoton allon, ka kai ƙorafi ta 300, su ba ka lambar ƙorafin ka adana. In ba su warware ba, 622 ita ce ta NCC, kyauta ce, kuma za su tambaye ka wannan lambar.

Ga wani bawan Allah ya shigo da rauta a hannu, bari in saurare shi. Sannu da zuwa Alhaji, bismillah, zauna. Jama'a, sai mun haɗu a na Starlink ɗin in Allah ya kai mu.