Sharhi: Laburare da Masu Riƙe da Shi

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau jinjina ce ga ɗakunan karatu na jama'a, wato laburare, waɗanda ke cikin wurare ƙalilan da mutum zai shiga ya zauna tun hantsi har la'asar ba tare da an tambaye shi abin da ya zo saye ba.

Wannan dama ba ta daɗe da samuwa ga talaka ba. Manyan taskokin littattafai na da, irin na Iskandariyya da na Bagadaza, na sarakuna ne da manyan malamai. Sai a shekarar 1850 majalisar dokokin Birtaniya ta ba garuruwa ikon kafa laburare da kuɗin haraji, a 1949 kuma hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNESCO, ta fitar da sanarwarta ta farko a kan laburaren jama'a.

Duk wanda ya leƙa irin wannan ɗaki da rana zai ga amfaninsa da idonsa. Ga ɗaliba ta baza littattafanta saboda hayaniyar gida ta hana ta bitar jarrabawa, ga kuma magidanci mai neman aiki yana laluben haruffa a kan kwamfuta da yatsa ɗaya, ma'aikaciyar wurin tana tsaye a kansa tana nuna masa inda zai rubuta sunansa. Masu cewa wayar hannu ta maye gurbin laburare sun manta cewa waya ba ta ba mutum kujera da natsuwa, balle ta taya shi rarrabe sahihin bayani da na bogi. Laburaren Oodi da aka buɗe a Helsinki, babban birnin Finland, a 2018 har kekunan ɗinki ya tanadar wa jama'a, a arewa maso gabashin Kenya kuwa an yi shekaru ana kai wa 'ya'yan makiyaya littattafai a kan raƙuma.

Sai dai yabo kaɗai ba ya riƙe laburare. Attajirin nan na Amurka Andrew Carnegie, wanda dukiyarsa ta gina ɗakunan karatu 2,509 tsakanin 1883 da 1929, ya fahimci haka, shi ya sa ya gindaya sharaɗi: garin da ke son gini sai ya ba da fili, ya buɗe ƙofa kyauta ga kowa, sannan ya ware kwatankwacin kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin duk shekara don gudanarwa. A ganinmu wannan sharaɗi ya fi ginin kansa daraja, domin yanke ƙyallen buɗe gini aikin yini ɗaya ne, amma albashin ma'aikata da sababbin littattafai da gyaran rufi suna dawowa kowace shekara. Don haka hukumomin da ke shirya bukukuwan karrama laburare su fara da nuna wa jama'a abin da suka ware masa a kasafin kuɗin bana.