Darasi: dokin da ƙafarsa ta baya ke maƙalewa

Assalamu alaikum jama'a, masu doki da masu kula da barga barkanmu da warhaka. Yau kan ƙafar baya za mu tsaya, wannan matsalar da za ka kwance doki da safe ka ga ƙafa ɗaya ta miƙe ta baya ta sandare, yana jan bakin kofato a ƙasa, sai can ka ji ƙas ta saki ya ci gaba da tafiya kamar ba komai.

To abin da ke faruwa shi ne, Allah ya yi wa doki wata hikima a gwiwar nan ta sama wadda ke kusa da ciki. Ƙoƙon gwiwar jijiyoyi uku ke riƙe da shi, ta cikin takan hau wani tudun ƙashi a ƙarshen ƙashin cinya ta rataya, shi ya sa doki ke iya barci a tsaye bai faɗi ba. In zai taka sai naman cinya ya ɗaga ƙoƙon ya sauke shi. In naman nan ya yi rauni, ko ƙafar a miƙe take sosai tun halitta, sai ƙoƙon ya ƙi sauka kan lokaci. An fi gani a duƙushi da dokin da ya rame, da wanda ya daɗe a turke ba kilisa, irin wanda ba a hawa sai sallah ta zo.

In ta maƙale a gabanka don Allah kar ka sa bulala. Tura shi ya ja da baya a hankali, yawanci tana saki.

Yanzu masu tseren dogon zango, su abin ya fi yi wa ciwo. Babban tseren kilomita 160 ne a rana ɗaya, kamar Tevis Cup da ake yi a Kalifoniya ta Amurka tun 1955, ga na Dubai da Abu Dabi, galibi da dawakan Larabawa. A kowane zango likitoci na tsayar da doki, su auna bugun zuciya, a dokar FEI, wato hukumar wasannin dawaki ta duniya, sai ya sauko 64 a minti, sannan a sa shi sassarfa a gabansu, in aka ga ɗingishi an cire shi kenan ko da shi ke gaba. Kuma gajiya na tono abin, dokin da ya tashi lafiya ƙalau, in cinya ta gaji sai ka fara jin ƙafar na ɗan kamawa musamman a gangara.

Magani na farko motsi ne, ba ɗauri ba. Mutane da yawa da sun ga haka sai su ce a bar shi ya huta, alhali hutun nan ke ƙara kashe cinyar. A riƙa hawa tudu da shi kullum, da sassarfa a miƙaƙƙiyar hanya, da ja da baya, a jera sanduna a ƙasa yana tsallakawa, a rage masa zagaye a ƙaramin fili. A gyara abinci ya ciko. Mai gyaran kofato ya rage tsawon bakin kofaton baya. A ba shi makonni, ba aikin kwana biyu ba ne. Amma kafin duk wannan likitan dabbobi ya duba, in da hali a ɗauki hoton gwiwar, don wani lokacin guringuntsi ne ya lalace kuma shi maganinsa daban.

In bai yi ba akwai allurar aidin kashi 2 cikin 100 a cikin mai da likita ke yi a jijiyar nan mai ratayewa don ta yi kauri, akwai kuma tsattsaga jijiyar da ƙaramar wuƙa ba tare da an raba ta ba, doki kan koma motsi da wuri.

Yanke jijiyar gaba ɗaya kuwa, ni gaskiya ba na son a yi gaggawarsa. Eh maƙalewar na tsayawa nan take, amma ƙoƙon ya rasa marikinsa ɗaya, ƙasansa na iya ɓantarewa, daga baya ciwon gaɓa ya shigo, kuma dole a killace dokin kusan wata 3 kafin ya koma aiki. Dokin dogon zango shekaru ake ɗauka ana gina shi, gwiwar nan za ta lanƙwashe sau dubbai a tsere ɗaya. Sai dai wanda ƙafarsa ta kulle ta ƙi saki sam bayan an gwada sauran, shi kam a kai shi tiyatar.