Takardar da ke aiki a Komoros amma ba ta ƙetare Ƙwanni

Masu saurare, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau daga nan Yamai ya shafi birebe, takardar da ke ba wanda ya ƙirƙiro wani abu ikon hana kowa ƙera shi, ko sayar da shi, ko shigo da shi, ba da izininsa ba.

Nijar ba ta ba da wannan takarda da kanta. Mun haɗa ofishi da wasu ƙasashe 16 a ƙungiyar kare mallakar fasaha ta Afirka, wato OAPI, mai mazauni a Yawunde, bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda aka yi wa gyara a 1999, aka sake yi mata a Bamako a 2015. Mutum zai kai takardunsa ofishin da ke wakiltar ƙungiyar a nan Yamai, a aika su Kamaru. In an amince, kariya ɗaya ta game ƙasashe 17 har shekara 20 daga ranar da aka ajiye buƙata. Ga sauƙi kam. Sai dai a duba taswira. Takardar tana aiki a Gabon, tana aiki a tsibiran Komoros, amma ba ta aiki a Illela ta Najeriya, inda ɗan Ƙwanni ke zuwa cin kasuwa a kan babur. Najeriya ba ta cikin OAPI, tana da dokarta ta 1970 da ofishinta a Abuja. Gana ma tana wata ƙungiya dabam.

A ce wani maƙeri a Tawa ya ƙera na'urar busar da kilishi da hasken rana. Ya sami birebe daga Yawunde, ya rataye shi a shago. Wani a Sakkwato ya sayi guda, ya kwance ta, ya ƙera ɗari, ya sayar har Kano. Bai taka doka ba. Abin da maƙerin Tawa zai iya kawai shi ne ya tare kayan in sun shigo Nijar ko wata ƙasar OAPI. Maganin wannan yana cikin yarjejeniyar Paris ta 1883: daga ranar da ka ajiye buƙatarka ta farko kana da wata 12 ka ajiye irinta a wata ƙasa, a lissafa maka da ranar farko. Wanda ya bi ta tsarin PCT, wato ajiye buƙata guda ta ƙasa da ƙasa, yana iya jan wa'adin zuwa wata 30. In ya wuce, an rufe ƙofa, kuma bayanin da kai da kanka ka wallafa shi zai kayar da kai.

Sharuɗɗa uku ne: abin ya zama sabo, ya zama ba wanda kowane gwanin sana'ar zai iya cankowa ba, kuma ya yi amfani a masana'anta ko gona. Na farkon ne ke cin mutanenmu. Sabo a nan yana nufin ba a taɓa bayyana shi a ko'ina a duniya ba, har da bakin mai shi. Ka ɗora bidiyonsa a Facebook, ka sayar da guda a kasuwar Katako, ko ɗalibi ya kare shi a bainar jama'a a jami'ar Abdou Moumouni kafin a ajiye buƙata, sabuntar ta tafi. Akwai sassaucin wata 12, amma ƙunci gare shi: ko dai wani ya ci amanarka ya tona, ko ka nuna abin a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi. Bikin unguwa da kyamarar talabijin ba sa ciki.

Takardun kuwa su ne buƙata, cikakken bayani, zane, taƙaitawa, shaidar biyan kuɗi, sai jerin abubuwan da kake cewa naka ne. Wannan na ƙarshe shi ne iyakar gonarka, da shi alƙali zai auna abin da aka kare maka. In maƙerin nan ya rubuta cewa na'urarsa tana da faranti huɗu na ƙarfe da fanka a sama, mai kwaikwayo zai yi faranti uku ya sa fanka a gefe ya wuce abinsa. In kuma ya zarme ya ce duk wani abin busar da nama da rana nasa ne, za a tuna masa tun kaka da kakanni ake shanya kilishi. Sai ya gano ainihin dabarar, misali yadda iska ke shiga ta ƙasa ta fita ta sama ba tare da ƙuda ko ƙura sun samu hanya ba, ya rubuta ta da kalmomin da suka rufe ƙarfe da katako duka. Bayan haka ga kuɗin shekara-shekara. Wanda ya manta yana da wata 6 ya biya da tara, in ba haka ba takardar ta mutu.

Masana shari'a sun daɗe suna sukar tsarin ta wani gefe. Shekaru da yawa OAPI tana duba cikar takardu ne, ba ta tona ko abin sabo ne da gaske, sai an je kotu a gane. Gyaran 2015 ya zo da binciken ƙwaƙwaf da damar ƙalubalantar buƙata kafin a amince da ita. A ganina an yi daidai, tunda yawancin masu neman birebe a yankinmu kamfanonin waje ne, kuma takarda marar tushe tana iya toshe hanyar magani mai rahusa har sai an sami mai kuɗin shari'a. Gyaran ya kuma karɓi rangwamen da ƙungiyar ciniki ta duniya ta yi wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu, na kada a tilasta musu kare birebe kan magunguna kafin 2033.

Wata tambaya da manoman Galmi ke yi: ana iya yi wa albasa birebe? A'a. Irin shuka yana da tasa takarda dabam, kuma ta wannan ƙofa ce wani kamfanin iri na Senegal ya taɓa neman mallakar sunan albasar Galmi, manoma da hukuma suka tashi tsaye har ya sauya suna. Yanzu albasar Galmi da kilishin Nijar suna da rajistar alamar asali a OAPI. Amma a lura, suna take karewa, ba dabara ba. Kowa na iya yin kilishi a Dakar, abin da ba zai iya ba shi ne ya kira shi na Nijar. Wanda ya gyara ginin rudu, rumbun ajiyar albasa, har albasa ta daina ruɓewa da damina, nasa na iya shiga ƙaramar takardar da ake ba gyare-gyaren kayan aiki, wadda ta fi sauƙin samu, mai wa'adin shekara 10. Ita ma sai an ajiye buƙata kafin a gina na farko a bakin hanya.