Wanzamin Bahar Maliya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Jiya na baro Alƙahira, yau ga ni a Dahab, bakin Bahar Maliya. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, haka garin yake. Fitowata daga ruwa ke nan, ko bushewa ban yi ba.

Ku dubi abin da na ɗauko muku. Ku bar manyan kifayen nan, ga wani kifi can ɗan siriri, tsawonsa kamar santimita 10, shuɗi-shuɗi da baƙin zane tun daga baki har wutsiya. Masana suna ce masa Labroides dimidiatus, ni kuwa wanzami na raɗa masa.

Wuri guda yake kamawa a jikin murjani, kamar mai rumfa a kasuwa, kifaye su zo su jira. Yana tsince musu ƙananan ƙwari masu shan jini da matacciyar fata, yadda carki ke yi a bayan shanu. Kun ga wancan ƙaton? Loma ɗaya zai yi da shi in ya ga dama. Amma ya wangame baki ya tsaya cak, ɗan nan ya shige ciki, ya bi haƙora ɗaya bayan ɗaya, ya fito lafiya lau. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Na tuna yadda mutum ke miƙa wa wanzami wuya alhali aska na hannunsa.

A tsibirin Lizard na Ostireliya an ƙirga, guda ɗaya kan duba kifaye sama da 2,000 a yini.

Sai dai yakan yi ha'inci. Yauƙin jikin kifi ya fi masa ƙwarin daɗi, saboda haka wani lokaci sai ya gatsa. Ku lura a nan, kun ga yadda wancan ya zabura? An cije shi ke nan. Wani kifin ya bi wanzamin da kora, wani ya sauya rumfa. Wani masani mai suna Redouan Bshary ya daɗe yana nazarin wannan a Ras Mohammed, kudu da inda nake. Abin da ya fi burge ni a binciken da aka yi, in wasu kifaye na kallo, wanzamin yakan rage cizo don kada masu jira su watse.

Bari in sha ruwa in koma, akwai wata rumfar kusa da wancan dutsen da nake so in nuna muku kafin rana ta faɗi.